Yadda Ake Nazarin Labarin Yaron Kwafi Ba Tare da Maimaita Labarin Ba

Duk ranar Asabar bayan sallar la'asar, wasu ɗaliban sakandare masu shirin jarrabawar WASSCE sukan taru a zauren gidanmu da ke Aboabo, a nan Kumasi, domin mu yi atisayen rubuta sharhin adabi. Matsalar da nake gani a takardunsu guda ɗaya ce kusan kullum: idan aka ce su yi nazarin littafi, sai su zauna su ba da labarinsa daga farko har ƙarshe, kamar mai duba takardar bai taɓa karanta shi ba. Domin magance wannan ne na zaɓi wani ƙagaggen labari na matasa, The House of the Scorpion, wanda marubuciyar Amurka Nancy Farmer ta wallafa a 2002, labarin wani yaro da aka samar ta hanyar kwafin halittar wani tsoho mai mulki, kuma da shi zan nuna matakan da nake bi. Wanda ke riƙe da wani littafin mai irin wannan jigo zai iya bin hanyar ba tare da sauya komai ba sai sunayen taurari.

Mataki na farko shi ne a san irin gidan da aka shiga. Wannan rukunin adabi ana kiransa distofiya, wato labarin gurɓatacciyar duniya, kuma kishiya ne ga yutofiya, kalmar da Thomas More ya ƙirƙira a 1516 domin sunan wata ƙasa ta tunani wadda komai nata ya daidaita. Marubucin distofiya yakan ɗauki wata cuta da ke cikin al'ummar zamaninsa, ya ƙara mata girma, ya kafa ta a matsayin doka, sannan ya jefa mutum guda a cikinta domin mu ga yadda za ta kaya. Saboda haka, tun a karatun farko, mai nazari ya ajiye takarda a gefe ya riƙa rubuta amsar tambayoyi uku: wa ke mulki, da me yake riƙe mutane, kuma jikin wa ke biyan kuɗin jin daɗin masu mulkin. A littafin da muke magana a kai, ƙasar wani zirin fili ne tsakanin Amurka da Meziko wanda ake noman ƙwayar maye a cikinsa, mai mulkinta tsoho ne da ya haura shekara 140, ma'aikatan gonar kuwa 'yan gudun hijira ne da aka kama suna ƙoƙarin tsallake iyaka, aka dasa musu na'ura a ƙwaƙwalwa har ta kai ba sa shan ruwa sai an umarce su.

Mataki na biyu, wanda ɗalibai suka fi tsallakewa, shi ne a fahimci ainihin abin da kwafin halitta yake nufi a kimiyyance, domin wanda bai san gaskiyar abu ba, ba zai gane inda marubuci ya ƙara gishiri ba. A ranar 5 ga Yulin 1996 aka haifi tunkiyar nan Dolly a Cibiyar Roslin da ke kusa da Edinbura a Sikotilan, kuma sai a Fabrairun 1997 aka sanar wa duniya. Masu binciken, a ƙarƙashin jagorancin Ian Wilmut, sun ɗauki ƙwayar halitta daga hantsar wata tunkiya mai shekara shida, suka haɗa ta da ƙwan wata tunkiyar wanda aka cire masa cibiyar da ke ɗauke da bayanan gado, sannan aka dasa abin da ya samu a mahaifar tunkiya ta uku. Sau 277 aka gwada kafin a dace da guda ɗaya, ita ma ta mutu a 2003 sakamakon ciwon huhu. Abin lura a nan shi ne Dolly ta zo duniya a matsayin 'yar tunkiya sabuwar haihuwa, ba ta zo da shekaru shida na uwar asalinta ba, ba ta kuma zo da abin da waccan ta sani ba. Kyanwar farko da aka kwafa a jihar Texas a 2001 ma launin gashinta bai zo daidai da na kyanwar da aka ɗauki ƙwayar daga jikinta ba. Har yau babu wani ɗan Adam da aka tabbatar an samar da shi ta wannan hanya.

Mu Hausawa ba ma buƙatar ɗakin gwaji kafin mu gane wannan batu. Hassan da Usaini da suka fito daga ƙwai guda ƙwayoyin gadonsu kusan ɗaya ne, amma babu uwar da ke ɗaukar su mutum guda, kuma idan Hassan ya ci bashi a kasuwar Kejetia ba a kama Usaini. Maƙwabtanmu Asantawa su ma sun bambanta tagwaye da suna, babba Panyin, ƙarami Kakra. Yaron kwafi, idan aka cire ruɗanin da ke kewaye da kalmar, tagwai ne da ya zo a makare da shekaru masu yawa. Ɗalibin da ya riƙe wannan zai daina ɓata shafi guda yana tambayar ko yaron mutum ne, domin marubuciyar ta riga ta amsa tun da ta bar mu muna jin tsoronsa da kewarsa da kishinsa. Tambayar da ta cancanci sharhi ita ce: su wane ne ke amfana idan aka ce ba mutum ba ne, kuma da waɗanne kalmomi suke tabbatar da hakan?

Wannan tambaya ce ke kai mu ga mataki na uku, wanda a ganina shi ne zuciyar aikin. A koma littafin a karo na biyu da fensir a hannu, a ja layi a ƙarƙashin duk sunan da aka kira babban tauraro da shi, a rubuta wanda ya faɗa, da wurin, da lambar shafi. Malaman adabin Hausa sun ba mu kalmomin da suka dace da wannan aiki fiye da yadda ɗalibanmu suke zato. Akwai dabbantarwa, wato a ba mutum siffar dabba, akwai abuntarwa, wato a mayar da shi kamar kaya, akwai kuma mutuntarwa da ke ɗaga abin da ba mutum ba zuwa matsayin mutum. Yaron littafin, Matt, a mahaifar saniya aka raine shi, kuma da wannan hujjar dokar ƙasar ta sanya irinsa a sahun dabbobin gida. Wata mai aiki ta kulle shi a ɗakin da aka zuba garin katako a ƙasa kamar akurkin kaji. A tafin ƙafarsa akwai rubutun da ke nuna shi mallakar gidan tsohon ne. Idan aka jera waɗannan a takarda guda, za a ga dabbantarwa da abuntarwa ba adon magana ba ne kawai a wannan littafi, su ne kayan aikin mulki, domin sai an fara kiran yaro dabba kafin a iya cire zuciyarsa a dasa wa tsoho ba tare da wani ya kira abin kisan kai ba.

A gefe na biyu na takardar a rubuta waɗanda suke kiransa da sunansa. Celia, kukun da ta raine shi, tana yi masa magana kamar ɗan cikinta, mai tsaron lafiyarsa Tam Lin kuma yana kai shi duwatsu yana koya masa hawa da dogaro da kai. Shi kansa tsohon, wanda ake kira El Patrón, yana nuna wa yaron ƙauna, kuma a nan ne nake roƙon ɗalibai su tsaya su daɗe, domin ƙaunar tasa ta fi ƙiyayyar sauran mutanen gidan haɗari. Abin da yake so a jikin yaron shi ne kansa. Mu ma muna da al'adar takwara: a sa wa jariri sunan kakansa, kakar ta riƙa kiransa maigidanta cikin raha, iyaye su saka masa laƙabi saboda alkunya, dattawa su ce ya ɗebo halin mai sunan. Amma takwara a wurinmu girmamawa ce ga wanda ya gabata da fatan alheri ga wanda ya zo, ba a ce ran jaririn ajiya ne ga kakan ba. Tsohon littafin ya ba yaron sunansa cif, Matteo Alacrán, ya kuma riƙe shi a matsayin rumbun gaɓoɓi. Kwatanta waɗannan biyun yana fito da munin abin fiye da duk wata kalmar Allah wadai da ɗalibi zai rubuta.

Mataki na huɗu shi ne duba zubi da tsari, kuma ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo idan an san inda za a duba. A buɗe jadawalin babi-babi. Marubuciyar ta raba rayuwar yaron gida-gida, ta kira shekarun haihuwa zuwa 6 ƙuruciya, 7 zuwa 11 tsakiyar rayuwa, 12 zuwa 14 kuma tsufa. Yaro ɗan shekara 12 ba ya tsufa sai idan an riga an yanka masa wa'adi, don haka jadawalin kaɗai ya faɗa wa mai karatu ƙaddarar da aka shirya masa tun kafin shi ya sani. Haka kuma a lura da bakin da ke ba da labarin: ba yaron ne ke magana ba, amma ba a nuna mana kusan komai sai abin da idonsa ya gani, shi ya sa muke tsintar gaskiya a hankali tare da shi, wani lokaci ma mu riga shi ganewa mu zauna cikin fargaba.

Daga nan sai a zo ga haɗa littafin da duniyar da muke ciki, kuma a nan ana buƙatar taka-tsantsan. Ɗan Zango ya san abin da ake nufi da a haife ka a wuri, a haifi mahaifinka a wurin, amma a ci gaba da tambayar ka asalinka. Dattawanmu a Asawase da Aboabo suna tuna dokar korar baƙi ta Nuwamban 1969, a zamanin gwamnatin Firayim Ministan Ghana Busia, lokacin da takarda ta zama ma'aunin wanda zai zauna da wanda zai tafi. Tarihin kasuwar bayi ta Salaga da kalmar bacucane, wato wanda aka haifa a cikin bauta a gidan ubangijinsa, su ma suna haska matsayin yaron da aka raina a cikin gida, aka ciyar da shi, aka ilimantar da shi, amma yana nan a lissafin dukiya. Irin wannan haɗi yana ƙara wa sharhi nauyi matuƙar bai wuce jimla biyu ko uku ba, kuma ya dawo kan shafin littafin. Na taɓa duba takardar wata ɗaliba mai ƙwazo wadda ta cika shafi uku da tarihin Zango, tarihi mai kyau kuwa, amma ba ta ambaci babi ko ɗaya ba, kuma dole na gaya mata cewa abin da ta rubuta ba nazarin adabi ba ne.

Batun addini ma yakan taso, kuma ba na hana shi. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta haramta kwafin ɗan Adam a zamanta na Jidda a 1997, hukumar UNESCO ma a shekarar ta bayyana shi a matsayin abin da ya saɓa wa martabar ɗan Adam, sannan Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da nata ƙudurin a 2005. Sai dai hukunci a kan aikin daban yake da hukunci a kan yaron da ya riga ya samu ba da zaɓinsa ba, kuma littafin a kan na biyun yake magana. Ɗalibin da ya rufe sharhinsa da cewa kwafin halitta haramun ne ya faɗi matsayin malamai daidai, amma bai taɓa tambayar da littafin ya yi ba.

Mataki na ƙarshe shi ne rubutun kansa. A fara da jimla guda mai ɗauke da da'awa wadda wani zai iya musantawa. Cewa littafin yana magana ne a kan sanin kai ba da'awa ba ce, domin babu mai gardama da ita. Amma idan ɗalibi ya ce a wannan littafi doka ce, ba jini ba, ke yanke hukuncin wane ne mutum, to ya ɗauki nauyin da zai sauke da hujja, kuma hujjar tana nan a ƙarshen labarin: yaron da doka ta kira dabba muddin tsohon yana raye, ita dokar ce ta mayar da shi magajin tsohon da duk ƙasarsa da zarar ya mutu, alhali babu ƙwayar halitta ɗaya da ta sauya a jikinsa. Kowane sakin layi ya ɗauki hujja ɗaya, ya nuna inda take a littafin, sannan ya bayyana yadda take goyon bayan da'awar, kuma bayanin ya fi hujjar tsawo. Ya kamata a ware sakin layi guda ga abin da ke adawa da ra'ayin mai sharhi, misali lokutan da yaron ya nuna zafin rai da son mallaka irin na tsohon, a auna ko jini ne ya jawo ko zama a gindinsa ne ya koya masa.

Idan an gama, a karanta takardar da ƙarfi a gaban abokin karatu, a sa alama a duk inda aka jera “sai ya tafi”, “sai ya gani”, “sai ya gudu” har sau uku ba tare da kalmar “domin” ko “wannan yana nuna” ta shiga tsakani ba. Waɗannan wuraren ne sharhi ya koma ba da labari, kuma su za a sake rubutawa kafin a miƙa wa malami.