Yadda za ku kai yara Yankari a ayari, ku kwana, ku dawo lafiya

In mota ɗaya ce, uwa da uba sun san adadin yaransu, sun san abin da ke aljihunsu. Da zarar an haɗa gida uku ko huɗu, ga manya ga yara tuli, sai kowa ya saki jiki yana zaton wani na lura. A haka ake mance jarkar ruwa a ƙofar gida, a haka ake tayar da mota yaro na banɗakin gidan mai. Ni ce ma'ajin ayarinmu, mu da gidan yayata da gidan wani aminin Baban yara, dukkanmu a nan cikin garin Bauchi. Tsarin da muke bi in za mu Yankari guda ne: kowane aiki a ba shi mai shi tun daga gida, a kira sunansa kowa ya ji.

Ku sa tafiyar a rani. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, kududdufai sun ƙafe, dabbobi na gangarowa kogin Gaji shan ruwa, a nan ake ganinsu. Da damina daji ya rufe, sai ku yi ta yawo ba ku ga komai ba sai ganye. Ni na fi son hutun Disamba ko farkon Janairu, domin ranar Maris da Afrilu ba ta yaro ƙarami ba ce. Amma ku sani makon Kirsimeti da sabuwar shekara da kwanakin Sallah wurin na cika, sai an kama ɗaki da wuri. Kuma sanyin hunturu a daji ya fi na cikin gari cizo, don haka rigar sanyi, safa, bargo da man shafawa ba a barinsu.

Saura mako biyu ku zauna, maza da mata, a gida ɗaya. Ku fitar da madugu, wanda in ya ce a tsaya za a tsaya, in ya ce a tashi za a tashi. Ba lallai sai wanda ya fi kowa shekaru ba, wanda ya fi sanin hanya kuma ba ya da saurin fushi shi ya dace. Ku fitar da ma'aji, da uwar girki, da mai ƙirga yara. Batun kuɗi kuwa ku faɗe shi a fili, kunya a nan ita ke ɓata zumunci daga baya. Mu kowace mota ita ke sayen manta, amma abinci, kuɗin shiga, ɗaki da motar zagaye duk daga asusu ɗaya suke fita, ana rabawa bisa yawan mutanen kowane gida, yaro rabin babba, na goye ba a ƙirga shi. Ma'aji ta buga waya ta ji farashin wannan lokacin, ta ɗora wani abu a kai saboda ɓacin rana, ta riƙe tsabar kuɗi da canji. Kada ku dogara da tura kuɗi ta waya, sabis a daji yana zuwa yana ɗaukewa.

Madugu shi zai tabbatar kowace mota ta je wurin makaniki: birki, baƙin mai, ruwan lagireto, fitila, da iskar tayoyi har da ta ajiya, a ga kuma jak da sifana suna ciki. A cika tanki a Bauchi. Shi ne kuma zai tambayi direbobin tasha da mutanen yankin Alkaleri halin da hanya take ciki kwana ɗaya kafin tafiya, in aka ce a dakata a dakata. A hanya, madugu ne gaba, motar da ta fi tsufa a tsakiya, mai ƙarfi a baya, ita ce ba ta wuce kowa. Yaro da bai kai shekara 12 ba ba ya zama a kujerar gaba, ko da kuka zai yi, kuma kowa ya ɗaura bel. Yara za su so su cakuɗe, wannan ya shiga motar Kawu, wancan ta Gwaggo. Ku bar su, daɗin ayarin ke nan, amma wanda ya shiga mota a Bauchi a cikinta zai sauka a Wikki, masaukin baƙi da ke cikin dajin. Canjin mota a tsakiyar hanya shi ke rikita lissafi.

Hanyar ba ta da wuyar ganewa. Ku kama titin Gombe har Dindima, inda gadar kogin Gongola take, a nan ake karyawa dama a yi kudu zuwa Mainamaji, babbar ƙofar shiga, kimanin kilomita 29. Daga ƙofa zuwa masaukin Wikki akwai sauran fiye da kilomita 40 a cikin daji. In aka haɗa daga Bauchi an haura kilomita 100, wato ya wuce nisan da malamanmu suke cewa a yi kasaru, sai manya su tuna. Mutanen Gombe ta Alkaleri za su biyo, su karya hagu a Dindima. Ku tashi da sassafe bayan an karya kumallo, ku yi tsayuwa ɗaya a Dindima, kowane yaro a kai shi ya yi fitsari ko ya ce ba ya ji, mai ƙirga ta ƙirga da ƙarfi kafin a rufe ƙofa. Bayan an wuce Mainamaji a rage gudu, dabbobi na tsallaka titi, kuma kada a tsaya a sauke yara don ɗaukar hoto.

Wasu kan so su biya kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa a safiyar tafiya tunda yana cikin gari. Ban ba da wannan shawara ba. Wurin ya cancanci yammaci guda shi kaɗai, yara su bi ta wannan lungu mai duhu har su ɓullo filin kabarin da ba shi da rufi, su ga kayansa da aka adana, a ba su labarin Firayim Ministan da aka kashe a Janairun 1966. Haka ma Sumu, can ƙaramar hukumar Ganjuwa, wata hanya ce daban. In yaronku raƙumin dawa da jakin dawa yake son gani, can za ku kai shi, wurin da aka zuba waɗanda aka kawo daga Namibiya a 2006. A Yankari giwa ake zuwa nema.

Abinci kuwa, na ranar farko a dafo shi daga gida. Masa da miya a kula, ai ba a raba ɗan Bauchi da masa, sai dafaffen ƙwai, soyayyen nama da dambu. Zoɓo ya fi kunun aya jure hanya, shi kunun aya kafin la'asar ya yi tsami. Na sauran kwanaki ku ɗauki abin da ba ya lalacewa: shinkafa, taliya, garin kwaki da ƙuli-ƙuli, kayan shayi, burodi, albasa, mai da yaji, da ƙaramar tukunyar gas. Akwai wurin cin abinci a Wikki, amma ciyar da mutum ashirin sau uku a rana a can zai cinye asusun tun kafin a ga giwa. Ruwan sha ku yi masa lissafin wadata, sannan ku ƙara jarka guda.

Yanzu ga masu gidan. Gwaggon biri a Wikki ba ya tsoron mutum, ya san leda, ya san kula, ya san yaro ne mai saukin ƙwace. Kuna sauke kaya za ku ga sun zauna nesa kaɗan suna kallo kamar 'yan kamasho a tasha. Kafin a buɗe but, namiji babba ɗaya ya tsaya da sanda, aikinsa ke nan, ba ya ɗaukar kaya. Gilashin mota a ɗage, ƙofar ɗaki a rufe da makulli ko da kuna ciki. Yaro ba ya yawo da biskit ko lemo a hannu, a ci a ɗaki a wanke hannu a fito. In biri ya fizge abu a sakar masa, kada yaro ya ja da shi, haƙoransa ba na wasa ba ne, kuma cizo ko yakushi sai asibiti. Ku hana yara ba su abinci, wannan ne ya lalata su tun farko. Gadu ma za ku gan shi yana kiwo a durƙushe tsakanin ɗakuna, ba ruwansa da kowa in ba a matsa masa ba.

Inda na fi tsanantawa shi ne bakin ruwa. Ruwan ɗumi na Wikki daga ƙarƙashin dutse yake fitowa, garau har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa maki 31 dare da rana, rani da damina. Wannan hasken nasa ne ke yaudara, domin wajen dutsen zurfinsa ya kusa mita biyu, ya shanye babban mutum. Ƙanana su tsaya can ƙasa inda ruwan bai wuce gwiwa ko ƙugu ba. Babba ɗaya ya zauna a gaɓa, ba ya wanka, ba ya riƙe waya, ba ya hira, idonsa kan yara kawai. In ya gaji ba ya tashi sai ya miƙa su baki da baki. Ni nakan ce, "Yaya, ga su nan na ba ki, su tara." Ita kuma sai ta ƙirga ta ce, "Na karɓa, tara." Maza sukan yi mana dariya, mu kuwa ba mu fasa ba, domin yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, shiru yake nutsewa, ko da manya goma na kusa suna raha. Mata masu son shiga su sauka da sassafe kafin jama'a, da doguwar riga da wando, mazan gida su koma sama su jira.

Kwana mun saba raba shi biyu. Mata da ƙananan yara a ɗaki, maza da samari a tanti in hukumar wurin ta ba da izini, kuma a daidai inda ma'aikata suka nuna. Ku gwada kafa tantin a tsakar gida tun kafin tafiya, ku kafa shi a can da sauran rana. Abinci ba ya kwana a tanti. Kowa da gidan sauro da tocila, ba mai fita fitsari da dare ba takalmi ba haske, da safe a kakkaɓe takalmi saboda kunama. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau, a kwantar da shi a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Ba banza aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo ba, kububuwa ta yi yawa a wannan yanki namu. A jakar magani a sa farasitamol na yara, filasta, auduga, da ƙullin gishiri da sukari na gudawa. In ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Zagayen daji ku zaɓi na safe, kuma ba a shiga sai da ɗan jagora. Kada a sa wa yara baƙin kaya ko shuɗi, tsando na bin waɗannan launuka, a sa musu mai ruwan ƙasa mai dogon hannu. Kada ku yi musu alƙawarin zaki. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, dabbobin ba a ɗaure suke ba. Ɓauna, gwanki, mazo, kada da tsuntsaye ana yawan dacewa da su, giwa kuwa sai mai rabo, wata rana garke guda, wata rana sawunta da kashinta kawai. Ku ce wa yara duk wanda ya fara hango dabba ya ɗaga hannu, ban da ihu. Ku roƙi ɗan jagora ya biya da ku kogunan Marshall, ɗakunan da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, sannan da rana ku shiga ɗan gidan tarihin da ke masaukin, inda aka ajiye ƙasusuwa da fatu da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta. Yaran da suka fara wayo sukan daɗe a nan suna tambaya.

Ranar dawowa ku tashi kafin azahar don kada magariba ta same ku a hanya. A kwashe shara a leda, a leƙa ƙarƙashin gado, a ƙirga yara a Wikki, a sake ƙirgawa a Mainamaji. Ma'aji ta karanta lissafi a gaban kowa kafin motoci su rabu, ragowar ko naira ɗari ce a raba ko a amince a ajiye ta don tafiya ta gaba. Sannan iyaye mata su sa ido makonni biyu zuwa uku bayan an dawo: zazzaɓin cizon sauro ba ya nunawa sai bayan kwana bakwai ko fiye, duk yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi gwaji, a kuma gaya wa likita cewa daga daji kuka dawo.