Yadda Ake Kafa Akwatin Sheƙa Domin Tsuntsaye Su Zauna a Lambu

A Birtaniya ƙananan tsuntsaye sukan fara neman wurin sheƙa tun sanyi bai gama wucewa ba, shi ya sa ake buɗe makon akwatin sheƙa ranar 14 ga Fabrairu kowace shekara. Wanda ya bari sai Afrilu yakan tarar sun riga sun kama gida a wani wuri.

Da farko a nemi katakon da ba a shafa wa magani ba, mai kaurin milimita 15 ko fiye, domin ƙarfe da roba suna ɗaukar zafi har su halaka 'ya'yan tsuntsu. A haɗa akwatin, a huda ƙananan ramuka a ƙasansa saboda ruwa ya tsiyaye.

Ƙofar ita ce babban aiki, domin faɗinta ne ke zaɓar wanda zai shiga. Milimita 25 ta wadaci ɗan tsuntsun nan mai shuɗin kai da Turawa ke kira blue tit, gwara kuwa sai an kai ta 32. A huda ta kimanin santimita 12 sama da gindin akwatin, yadda kyanwa ba za ta zura hannu ta kai ga 'ya'yan ba. Kada a maƙala sandar sauka a bakin ƙofar, ko da an gan ta a akwatunan kanti, domin tsuntsun bai buƙace ta ba, maƙiyinsa kawai take taimako. Tsuntsun nan mai jan ƙirji da ake kira robin ba ruwansa da rami: akwati mai buɗaɗɗen gaba yake so, a ɓoye cikin ganye ƙasa da mita 2.

Sauran akwatunan a rataye su mita 2 zuwa 4 daga ƙasa, suna fuskantar tsakanin arewa da gabas, saboda rana ta fi dukan kudu, iska mai ruwa kuma ta fi kaɗowa daga kudu maso yamma. A ɗan karkata akwatin gaba. Idan a jikin bishiya ne, gara a ɗaure da waya mai rufin roba da a buga ƙusa, kuma a nisanta shi da inda ake zuba wa tsuntsaye hatsi, domin hayaniyar wurin takan kori mai kwanci.

Daga nan sai haƙuri. Ba a ɗaga murfi a leƙa, kuma dokar kare namun daji ta Birtaniya ta 1981 ta hana lalata sheƙar da ake amfani da ita. A daina feshin maganin ƙwari, tunda da tsutsotsi iyayen ke ciyar da 'ya'yansu. In Oktoba ta yi kuma akwatin ya zama kango, a kwashe tsohuwar sheƙar, a wanke cikinsa da tafasasshen ruwa, a bari ya bushe sarai kafin a mayar da murfin.