Haɗin Ɗanyen Tumatir na Dangwale Don Walima: Yadda Za a Yi Shi Bai Tsinke Ba

Mutanen Meziko suna da wani haɗi da suke kira pico de gallo, wato "bakin zakara" da Sifaniyanci. Ɗanyen tumatir ne da farar albasa da koren barkono da ganyen kusbara, a matsa lemun tsami a sa gishiri, ba ya ganin wuta sam. Ja da fari da kore, launin tutar ƙasarsu ke nan, shi ya sa wasu ke ce masa salsa bandera. Su da soyayyen tortiya suke dangwalarsa, wani siririn burodin masara da ake yankawa kusurwa uku. A wajenmu yana shiga sosai da soyayyen dankali, doya, gasasshiyar gurasa, ko a gefen tsire.

Haɗin ba shi da wuya, amma abu ɗaya ke ɓata shi: ruwa. Tumatir sama da kashi 90 cikin ɗari ruwa ne, gishiri kuma janyo ruwan yake yi. Idan aka haɗa komai lokaci guda aka ajiye, kafin baƙi su zauna kwanon ya zama tafki, dankalin da aka tsoma ya jiƙe ya yi laushi.

Don mutum 15 zuwa 20, uwargida ki tanadi tumatir kilo 1 (kamar guda 10 zuwa 12), albasa matsakaiciya 1, attarugu 1 ko 2, kusbara ƙulli 1 wanda zai ba da kusan kofi 1 bayan yanka, lemun tsami 3 zuwa 4, da gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi.

Zaɓen tumatir shi ne rabin aikin. Ki nemi dogo mai tsoka, irin Roma ko UTC da ake nomawa da rani a wurare kamar Kadawa ta jihar Kano. Ya nuna ja sosai amma in kin matsa ki ji da ƙarfinsa. Zagayayyen nan mai yawan 'ya'ya ki bar shi ga miya. Wanda ya fashe ko ya fara laushi kuma kada ya shigo ko kaɗan, tunda ba dafawa za a yi ba balle wuta ta kashe ƙwayoyin cuta. Saboda wannan dalilin ne za ki wanke tumatir da ganyen da ruwa mai tsabta, irin wanda za ki iya sha, a kan katakon da bai taɓa ɗanyen nama ba ki yi yankan.

Ki raba kowane tumatir huɗu, ki sa ƙaramin cokali ki kwashe 'ya'yan da ruwan ciki, sannan ki yanka tsokar ƙanana kamar girman wake. Wuƙar ta zama mai kaifi. Dakusasshiya murƙushe tumatir take yi, ruwan ya ƙare a kan katako. Ki zuba a kwando mai ƙananan huji, ki barbaɗa gishiri ƙaramin cokali 1, ki juya, ki ɗora a kan kwano minti 20 zuwa 30. Ruwan da zai tsane kada ki zubar, yana da daɗi a miya ko dafa-duka.

Kafin ya gama tsanewa, ki yanka albasa ƙanana fiye da tumatir, ki matsa mata lemun tsamin, kamar babban cokali 4, da sauran rabin cokalin gishiri, ki bar ta minti 15. Tsamin yana kwantar da kaifin ɗanyar albasa, wanda in ba haka ba zai danne ɗanɗanon komai ya kuma zauna a bakin mutane har dare.

A kula da barkono. Na Meziko, irin su jalapeño, yajinsa bai wuce 8,000 ba a ma'aunin zafin barkono na Scoville, attarugu kuwa yana farawa daga 100,000. Don haka wanda ya ga an ce barkono huɗu ya sa attarugu huɗu, ya hana yara da tsofaffi ci. Ki cire 'ya'yan da farar jijiyar ciki, a nan yawancin zafin yake, ki yanka guda ɗaya sala-sala ki zuba cikin albasar. In kina son launin kore, ki ƙara rabin koren tattasai.

Ganye shi ne na ƙarshe. Ki tsane shi da tsumma mai tsabta kafin yanka, domin jiƙaƙƙen ganye yana cakuɗewa ya yi baƙi, kuma yanka ɗaya ya isa, ba a ta sara ba. Akwai mutanen da kusbara ke yi musu ɗanɗanon sabulu, halitta ce ba tsirfa ba. Idan taron babba ne, gara a raba haɗin gida biyu, ɗaya da kusbara, ɗaya da lawashi da ɗan na'a-na'a, ganye 10 ya wadatar don ƙamshinsa da ƙarfi.

Ki haɗa tumatir da albasa da ganyen a kwanon tangaran ko na gilashi. Na alminiyam ba ya jituwa da tsami, yana sa ɗanɗanon ƙarfe. Ki ɗanɗana da abin da za a dangwala, ba da cokali kawai ba, saboda dankalin ma da gishirinsa. Kada ki sa a injin markaɗe: iska ke shiga, ya koma ruwan hoda mai kumfa.

Ki bar shi minti 30 a firji ya kama jikinsa. Za ki iya yanka tumatir da albasa da safe ki ajiye kowanne daban a rufe cikin firji, amma haɗawar ta zama awa 1 kafin a fito da abinci. A kan tebur kada ya wuce awa 2, in kuma zafi ya haura digiri 32, kamar ranakun Afrilu, awa 1 kawai. Shi ya sa ya fi kyau a riƙa fito da shi a ƙananan kwanoni, kowanne da cokalinsa, ana canjawa, a kuma ɗora su a kan faranti mai ƙanƙara in akwai. Wanda bai bar firji ba ya kwana, washegari a soya shi da ɗan mai a fasa ƙwai a kai.