Idan An Kutsa Cikin Asusunka Don Damfara: Yadda Za Ka Tara Hujjar Da Doka Ke Nema

Na daɗe ina kula da kwamfutocin ƙananan kamfanoni, kuma babu abin da ke ci mini rai kamar in iso bayan an riga an share komai. Akwai wata baiwar Allah mai riƙe da lissafin wani ofis da ta kira ni muryarta na rawa. Wani ya shiga imel ɗinta, ya aika wa abokan cinikinsu sabuwar lambar asusun banki da sunanta, suka biya can. Kafin in ƙaraso, don takaici da kunya, ta goge saƙonnin duka, ta sa an wanke kwamfutar fes. Ban ga laifinta ba, raina ne dai ya ɓaci, domin da hannunta ta share sawun ɓarawon.

Don haka ka fara sanin abin da mai gabatar da ƙara zai nema. Tambaya biyu ce: an shiga ba da izini ba? Da niyyar damfara aka shiga? Dokar Amurka ta 1986 kan zamba da kutsen kwamfuta ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga wanda ya shiga da niyyar damfara ya kuma sami wani abu mai daraja, shekara 10 idan ya maimaita. Dokar Birtaniya ta 1990 ta raba su gida biyu: shiga kaɗai shekara 2, shiga da niyyar aikata wani babban laifi kamar zamba shekara 5. Ita wannan doka ta samo asali ne daga shari'ar Robert Schifreen da Stephen Gold, waɗanda suka kutsa cikin Prestel, wani tsarin bayanai na kwamfuta a Birtaniya, amma a 1988 kotun ƙoli ta lokacin ta tabbatar da sakinsu saboda dokar jabun takardu da aka tuhume su da ita ba ta dace da abin da suka yi ba. Yarjejeniyar Budapest ta 2001, wadda ƙasashe suka ƙulla kan laifukan intanet, ita ma ta ware sashe na 2 ga kutse, na 8 ga damfara ta kwamfuta, kuma Najeriya ta yi tata dokar laifukan intanet a 2015. Duk abin da za ka adana, amsar waɗannan tambayoyi biyu kake tarawa.

Idan kuɗi sun fita, banki za ka fara kira, a take, ba gobe ba. Kuɗin damfara ba sa kwana a asusu ɗaya. Ka nemi a dakatar da su, ka karɓi lambar ƙorafinka ka rubuta.

Daga nan ka ɗauki wata waya ko kwamfuta wadda ka yarda da ita, ba wadda kake zargi ba. Shiga sashen tsaro na asusun. Gmail da Facebook duka suna nuna na'urorin da suka shiga, da lokaci, da wurin da ake kyautata zaton sun fito. Ɗauki hoton allon yadda kwanan wata zai fito, sannan ka canza kalmar sirri, ka fitar da duk na'urorin, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri kafin a shiga. Hoton minti ɗaya zai ci maka, amma da zarar ka kori na'urorin wani bayanin na iya ɓacewa.

Ga inda mutane suka fi mantawa. Leƙa saitin imel ɗinka na tura saƙonni da na tace su. A ofishin matar nan, da na buɗe wurin, sai ga umarni ɗan ƙarami da ɓarawon ya dasa: duk saƙon da ke ɗauke da kalmar biya ko rasit a kai shi wani babban fayil da ba ta taɓa buɗewa. Shi ya sa kwanaki tana aiki ba ta ga tambayoyin abokan cinikin ba. Wannan umarni kaɗai ya tsira daga shararta, kuma shi ne hujja mafi ƙarfi ta niyya, domin wanda ya shigo bisa kuskure ba ya zama ya tsara yadda zai ɓoye maganar kuɗi. Ka ɗauki hotonsa kafin ka cire shi.

Saƙonnin damfarar kuwa, kada ka wadatu da hoto. Sauke asalinsu tare da bayanan da ke ɓoye a samansu, inda ake ganin hanyar da saƙon ya biyo da adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet. Ka roƙi waɗanda aka aika wa su adana nasu. Sai ka sami takarda ka rubuta abin da ya faru bi da bi, da awa da minti, tun kana tune.

Batun izini ya fi yadda ake zato sarƙaƙiya. A 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Nathan Van Buren, ɗan sanda a jihar Jojiya da ya karɓi kuɗi ya binciko lambar mota a rumbun bayanan aikinsa. Alƙalai 6 cikin 9 suka ce bai karya dokar kutse ba, tunda yana da izinin shiga wannan rumbun, ko da manufarsa ta munana. Darasin da na ɗauka shi ne, ka rubuta sunan duk wanda ka taɓa ba kalmar sirri, da ranar da ka janye izinin. Ma'aikaci ya bar aiki, a rufe asusunsa ranar, a sanar da shi a rubuce. In ba haka ba, gobe ya ce ai kai ka ba shi mabuɗi.

Ina roƙonka kada ka rama. Na sha jin mai cewa yana da yaron da zai shiga asusun ɓarawon ya dawo da kuɗin. Wannan ma kutse ne a idon doka, kuma sau da yawa asusun da za a afka wa na wani bawan Allah ne da aka sace aka yi aiki da shi.

Sai ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar da ke kula da laifukan intanet a ƙasarka, ɗauke da hotunan, da asalin saƙonnin, da takardar bayaninka, da lambar ƙorafin banki. Ka riƙe kwafi. Ka yi da wuri, domin kamfanonin intanet ba sa ajiye rajistar shiga har abada, kuma hukuma ce ke da ikon sa su adana ta. Kwamfutar da abin ya faru a kanta, cire ta daga intanet ka ajiye ta yadda take har mai bincike ya gani.