Shawara ga masu haɗa goge da garaya

Salamu alaikum 'yan uwa. Mu da ke wannan sana'a a Bauchi, mu rage sayen fatar guza da ta gada. Wanda ya kawo muku fata a ɓoye da araha, ku tambaye shi inda ya samo. Doka ta hana farauta a dajin Yankari.

Ni fatar ɗan akuya nake saye wurin mahauta, in jiƙa, in kankare da aska har ta yi shara-shara, in ɗame ta kan duma tun da danshinta. Gaskiya amonta bai kai na guza kaifi ba, shi ya sa nake gaya wa mai saye kafin ciniki, in rage masa kuɗi. Izga kuwa, a roƙi mai doki a yanko kaɗan.