Yadda za ka auni kilti ya zauna maka daidai

Kilti shi ne zanen nan mai zāne gida-gida da mazan Sukotlan suke ɗaurawa ya tsaya musu a gwiwa. Ni tela ne a Khubar ta Saudiyya, kuma Turawan da ke aikin mai a Zahran ne suka fara shigo min da shi shago. Da an doshi 30 ga Nuwamba ko 25 ga Janairu, ranakun da suke shagulgulansu na gida, sai a kawo min shi in matsar da maɗauri saboda tumbi ya ƙaru. Yanzu kuwa masu tambayata yaranmu ne da ke tafiya karatu biranen Abadin da Gilasgo na Sukotlan. Wannan an gayyace shi bikin aboki, wancan yana son ya sa ranar yaye ɗalibai, kuma kusan dukansu ta intanet suke saye, ba gwaji.

Ka fara sanin wanda kake nema. Cikakken kilti na gargajiya yadi 8 na ulu yake ci, mai nauyin oza 13 ko 16 a kowane yadi, galibi ɗinkin hannu, kuma kuɗinsa ba na ɗalibi ba ne. Na yau da kullum yadi 5 ne ko ƙasa da haka, ɗinkin keke, ninkin bayansa bai kai na wancan yawa da zurfi ba. Shi nake ba yara shawara. Ka nemi wanda aka yi da haɗin foliyesta da biskos, don yana wankuwa kuma yana riƙe guga. Na akirilik ya fi araha, amma bayan ɗan lokaci sai ya fara ƙwaya-ƙwaya a inda hannu da kujera ke gogarsa. Ulu mai oza 16 kuwa kada ka kawo shi nan. Wanda ya san zafi da gumin Khubar a watan Agusta ba sai na yi masa bayani ba.

To, awo. Abin da na fi faɗa da yara a kansa ke nan. Yaro zai ce min, “Baba, ai 34 nake sawa.” Wannan lambar wando ce, kuma ba ta da amfani a nan. Wando a ƙasan ciki yake zama, masu kamfani kuma sukan rubuta lambar da ta gaza ainihin faɗinsa don ran mai saye ya yi fari. Kilti na gargajiya a kan cibiya yake zama, wani lokaci ma ya ɗan haura ta. Mai sa wando 34 sai ka zagaya masa tef a cibiya ka ga 37. Futa, zanen da 'yan Yaman da mutanen Jizan suke ɗaurawa, tana yafiya, ka ƙara ƙiba ka ƙara saki, ka rame ka ƙara naɗi. Kilti maɗaurin fata gare shi da 'yan huda, abin da zai ba ka na sassauci bai wuce inci 2 ba.

Saboda haka kafin ka taɓa tef, ka tambayi mai sayarwa a ina nasa yake zama, a cibiya ko a layin wando. Da yawa daga cikin na yau da kullum, musamman na auduga masu aljihu a gefe, a layin wando aka yanka su zauna. Inda ya ce maka, nan za ka auna ƙugu, daga nan kuma za ka fara auna tsayi. Ka tsaya yadda ka saba tsayuwa, riga mara kauri a jikinka, kada ka shanye ciki. Tef ɗin ya kama jiki sosai, don kilti da matsi yake zama, ba ya rataya. Bayan haka ka auna mazaunai a inda suka fi faɗi, ka fitar da waya da walat daga aljihu tukun, a nan kuma ka bar tef ɗin sako-sako har yatsa biyu su shige. Yara sukan tsallake wannan awon na biyu, alhali shi ke raba mai kyau da mara kyau. Daga ƙugu zuwa mazaunai, wajen kashi ɗaya cikin uku na tsayin, a ɗinke ninkin yake, daga nan ne yake sakuwa. In wurin ya matse, ninkin zai wage baki tun kana tsaye, gaban kuma ya ja gefe guda.

Tsayi ba ka iya auna wa kanka. Da ka sunkuya kallon tef, cibiya ta sauko, awo ya ɓaci. Ka sami wani. Ka durƙusa a kan tayil, ba kan kafet mai laushi ba, gwiwoyi a ɗan ware, baya a miƙe, ido na kallon gaba. Shi kuma ya auna daga inda kiltin zai zauna har ƙasa. A ƙa'idarsu bakin zanen a tsakiyar ƙoƙon gwiwa yake tsayawa ko a samansa kaɗan, wato in ka durƙusa ya kusa taɓa ƙasa bai kwanta ba. Na kanti yawanci inci 24 ake yanka su, kimanin santimita 61, wanda ya dace da mai matsakaicin tsayi in ya ɗaura a cibiya. Wannan inci 24 ɗin, ka sauke shi layin wando, sai ya rufe gwiwa ya gangaro ƙwauri. Dogo kuma ya ɗaura shi a cibiya, cinya a waje. Ko sarki bai tsira ba: da Sarki Joji na huɗu ya ziyarci Edinbara a 1822, kiltin da ya sa ya yi masa gajarta, ya haɗa da matsattsen wando mai launin hoda a ciki, masu zanen barkwanci suka samu abin yi.

Mu kuma akwai abin da Bature ba ya lissafawa. Al'aurar namiji tsakanin cibiya da gwiwa take, kilti kuma daidai wannan tsakanin yake rufewa, ba rara. Kana tsaye lafiya lau. Zama a kujera, hawan bene, iskar Abadin, ruku'u, kowanne sai ya ɗaga shi. Ni abin da nake ce wa yaro, ya ƙara inci 1 a kan awon durƙuson nan ya rufe ƙoƙon gwiwa, ya kuma sa gajeren wando baƙi mai kaiwa gwiwa a ciki. Dattijon Sukotlan zai ga ya ɗan yi tsawo, ba komai. Doguwar safarsu tana zuwa har ƙasan gwiwa a naɗe bakinta, saboda haka fatar da ke bayyana kaɗan ce. Lokacin salla kuwa, in akwai hali, ka zura wandonka.

Kada ka sayi dogo da nufin tela zai rage maka. Kilti na kirki ba shi da kalmasa a ƙasa, gefen saƙar yadin ne bakinsa, shi ya sa ninkin yake kaifi yana lilo in ana tafiya. Rage irin wannan daga sama ake yi: a farke bakin ƙugu, a cire shafi da maɗaurai, a yanke, a mayar. Kuɗin aikin zai iya kamo kuɗin kiltin mai araha. Masu kalmasa ana iya naɗe su daga ƙasa, amma bakin yakan yi kauri, ninkin ya riƙa buɗewa. Gajere kuwa ba shi da magani. In tsayinka ya fita daga na kanti, ka biya ƙarin a yanka maka naka.

Ranar da ya iso, ninki baya yake zuwa, shimfiɗaɗɗen gefen a gaba. Na sha ganin hoton yaro ya juya shi. Ka fara ɗauko ɓangaren da ke hannun dama ka kai hagu, ka zura maɗaurinsa ta hudar da ke gefen, ka ɗaure. Sa'an nan na hagu ya hau kansa zuwa dama, gezar ta sauka a gefen damanka. Maɗauran su kama a hudar tsakiya. In tun ranar farko kana hudar ƙarshe, mayar musu da shi kafin ka cire takardarsa. Ka sa babban yatsa a ƙugu, ya shiga da ƙyar. Ka juya jiki, kada kiltin ya zagaya ya bar ka. Ka zauna kana shafe ninkin da hannu daga baya, ka duba gaban ya faɗa tsakanin cinyoyi.

Zāne ba abin damuwa ba ne. Galibi kowane dangi a Sukotlan da nasa zānen, amma ba sai kana da dangi a can ba, Black Watch mai kore da shuɗi da baƙi kowa na sawa, haka Royal Stewart ja. Akwai ma wanda aka ƙaddamar domin Musulmin Sukotlan a 2012, mai farin layi biyar na shika-shikan Musulunci da baƙin gida na Ka'aba. Fil ɗin ado a fallen sama kaɗai ake soka shi, can ƙasa ta dama, don nauyinsa ya hana iska ɗagawa. In ka haɗe falle biyun da shi, taku kaɗan zai yaga yadin. Tunda na gargajiya ba aljihu, sai ka sayi 'yar jakar fatar da suke ratayawa a gaba, ta zauna kamar faɗin tafin hannu ƙasa da bakin ƙugu. Wajen ajiya kuma ka rataye shi da hanga mai matsewa, ka bi ninkin da guga ɗaya bayan ɗaya, da ɗanyen ƙyalle a tsakani, kada wutar ta ƙona robar yadin ya yi ƙyalli.