Darasi na Bakwai: Yadda Ake Fahimtar Binciken Masana a Kan Takunkumin Fuska

Tun da annobar korona ta game duniya a shekarar 2020, jama'a sun sha jin labarai masu karo da juna a rediyo da WhatsApp. Yau a ce masana sun tabbatar takunkumi yana kare mutum, gobe a ce bincike ya nuna ba shi da wani amfani. Sau da yawa duka labaran biyu daga bincike na gaskiya suka fito, sai dai tambayar da kowane bincike ya nemi amsawa daban ce.

Tambaya ta farko ita ce ko takunkumin yana tace iska. Wannan a ɗakin gwaje-gwaje ake auna ta, kuma amsarta ba ta da wuya: nau'in da ake kira N95 yana tare aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ɓurɓushin da aka gwada shi da su, na asibiti yana biye da shi, na yadi kuwa ya dogara da irin ƙyallen da yawan ninkinsa.

Tambaya ta biyu ce mai sarƙaƙiya, wato ko cuta tana raguwa idan aka raba wa jama'a takunkumi. A nan halin ɗan Adam yake shigowa. Daga 2013 zuwa 2015 an yi gwaji a kan alhazai sama da 7,000 a tantunan Mina, inda aka raba takunkumi a wasu tantuna, aka bar wasu, kuma ba a ga bambanci a yawan mura da tari ba. Amma da aka duba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na waɗanda aka ba suka riƙa sawa kullum, alhali wasu daga cikin waɗanda ba a ba su ba sun sa nasu. Duk wanda ya san zafin Mina, da yadda ake cin abinci a kwana kafaɗa da kafaɗa a tanti guda, ba zai yi mamaki ba. Mutum ya zame takunkumin zuwa haɓa don ya sha iska, ya manta da shi a nan har la'asar. Gwajin ya auna rabon takunkumi ne fiye da sa shi.

A Bangaladash kuwa, tsakanin 2020 da 2021, an bi ƙauyuka 600 masu manya kimanin 340,000. A inda aka raba takunkumi tare da yawan tunatarwa, masu sawa sun kai kashi 42 cikin 100, a sauran ƙauyukan kuma kashi 13 ne kacal. A ƙauyukan da suka sami irin na asibiti, korona mai nuna alamu ta ragu da kusan kashi 11 cikin 100, kuma raguwar ta fi yawa a tsakanin tsofaffi. Ma'anar wannan lissafi ita ce, inda mutum 100 za su kamu, 89 ne suka kamu. Raguwa ce ƙarama, amma a tuna cewa fiye da rabin mutanen ba su sa ba.

A farkon 2023 ƙungiyar Cochrane, mai tattarawa da tantance binciken kiwon lafiya, ta fitar da nazarin da ya tattara gwaje-gwaje da dama, sai aka yi ta yaɗa cewa an gano takunkumi ba ya aiki. Babbar editar ƙungiyar ta fito ta ce wannan fassara kuskure ce, domin abin da nazarin ya nuna shi ne hujjar ba ta kai a yanke hukunci ba. A ganinmu wannan shi ne wurin da masu karatu suka fi zamewa, domin rashin samun hujja daban yake da samun hujjar rashin amfani.

Aikin aji: kowane ɗalibi ya kawo labarin bincike guda da ya ji, sannan a bincika tare mutum nawa aka gwada, wane irin takunkumi aka ba su, kuma nawa ne a cikinsu suka sa shi yadda aka umarta.